Mutum Shida Kacal: Darasin Kwanan Daji Da Babban Iyali A Amurka

Akwai wata tambaya da ’yata ta yi mini a cikin mota, a wani yammacin Juma’a na watan Yunin 2019, wadda har yau idan na tuna ta sai in ji nauyi ya kama ni. Shekarar yarinyar 9 a lokacin, kuma tambayar gajeriya ce, amma ta fi duk tambayoyin da aka yi mini ranar kare kundin digirina na uku wuyar amsawa. Kafin in kawo ta, ya kamata in yi wa mai karatu shimfiɗa, domin ya san abin da ya kai malamin jami’a da iyalinsa bakin daji a ƙasar da ba tasu ba.

A shekarar karatu ta 2018/2019 na samu hutun nazari na shekara guda, wanda na yi a birnin Madison na Jihar Wiskonsin, garin da masu nazarin Hausa suka sani tun zamanin marigayi Neil Skinner, wanda ya daɗe yana koyar da harshenmu a jami’ar da ke can. Na tafi da mai ɗakina da ’ya’yanmu shida, babban cikinsu yana da shekara 16, autarmu kuwa ba ta cika uku ba. A watan Mayu sai surukata, Hajiya, ta zo duba jikokinta. Ga kuma ƙanena da ke karatu a Shikago, wanda duk hutu a wurinmu yake yin sa. Idan aka haɗa lissafi, mu goma ke nan cif.

Da yanayin zafi ya kama, sai na lura duk abokin aikin da na haɗu da shi tambayarsa ɗaya ce: wane daji za ku kwana a bana? Al’ada ce babba a wurin Amurkawa mutum ya bar gidansa mai wuta da ruwa da gado mai laushi, ya loda tanti da risho da kula a mota, ya biya kuɗi domin ya je ya kwanta a ƙasa a gindin itatuwa. Yara suka ji labari a makaranta, suka sa ni gaba. Ni kuma na duba aljihuna na ga cewa kuɗin kwana ɗaya na mutum goma a otal zai ishe mu kwanaki da dama a daji. Da na kai wa Hajiya maganar, sai ta dube ni ta ce, “Malam, wato mun baro ƙauye, mun hau jirgi mun keto teku, don mu zo mu kwana a bukka?” Amma da yake jikoki sun fi ƙarfinta, ta amince.

A matsayina na ɗalibin harshe, matsalata ta farko ita ce sunan da zan ba abin. Muna da zango, inda fatake ke sauke kaya. Muna da sansani, na mayaƙa ko na ’yan gudun hijira. Muna da ruga da mashekari na makiyaya. Kowace daga cikin kalmomin nan larura ce ta haife ta, ko ta ciniki ko ta yaƙi ko ta kiwo, babu wadda aka yi domin nishaɗi. Saboda haka a wannan rubutu zan kira al’adar kwanan daji, in kira wurin gaba ɗayansa sansani, shi kuma ɗan filin da ake yanka wa kowane iyali in kira shi fegi.

Tsarin sansanin kusan iri ɗaya ne ko’ina a ƙasar. Hanya ce guda mai zagaye wadda mota ke bi ta fuska ɗaya, a gefenta an jera fegi-fegi, kowanne da lambarsa. A kowane fegi akwai wurin ajiye mota, da teburin katako mai benci, da murhun ƙarfe, da shimfiɗaɗɗen wuri na kafa tanti. Famfo da makewayi kuwa na tarayya ne. Ba kasafai mutum ke zuwa haka kawai ya samu wuri ba, sai ya kama tun daga gida ta intanet ya biya. Mafi yawan sansanonin gwamnatin tarayya ta shafin Recreation.gov ake kama su, kowace jiha kuma tana da nata tsarin.

Na zauna gaban kwamfuta na zaɓi wani sansani a wata jiha da ke maƙwabtaka da mu, a bakin Tafkin Superior. Na tarar saura fegi ɗaya tak a ƙarshen makon da nake so. Da na zo gurbin da ake rubuta yawan mutane, sai na ga lambobin sun tsaya a kan 6. A nan ne na yi lissafi irin na gida. Na ce a raina, ai yara ba sa shiga ƙidaya, tunda a motar haya ma a cinya ake ɗora su, kuma katin gayyata in ya ce Malam da iyalinsa babu mai tsayawa a ƙofa yana ƙirga kawuna. Na ce in mun je ma daidaita, ai mutane ne a can ba inji ba. Na danna 6, na biya.

Muka ɗauki hayar doguwar mota, muka yi tafiyar kusan awa bakwai. Da muka kusa ƙofar sansanin sai na rage gudu, na juya na yi wa jama’ata bayani. Na ce idan an tambaya, mu shida ne za mu kwana, sauran huɗun rakiya suka yi mana, za su koma gari da dare. Motar ta yi tsit. Mai ɗakina ta mai da fuskarta wajen taga, Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Can daga kujerar baya sai na ji muryar yarinyar nan ta ce, “Abba, to su wa za a cire a cikinmu?”

Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani ko tana cikin shidan. Ni kuwa a take na ga abin da nake shirin aikatawa: uban da ke dukan ƙirji da tarbiyya zai koya wa ’ya’yansa shida ƙarya a gaban kakarsu, kuma ƙaryar ita ce musun cewa wasunsu nasa ne. Da muka isa ƙofa, wata dattijuwa ta leƙo daga ɗan ɗakin da ake karɓar baƙi ta tambayi yawanmu, na ce mata mu goma ne.

Matar ta yi mana fara’a, amma ta ce doka mutum shida ta yarda da shi a fegi ɗaya, kuma jariri ma mutum ne. Ta duba littafinta ko akwai wanda ya fasa zuwa, babu. Ta duba babban filin da ake ba ƙungiyoyi, an riga an kama shi. Na tattaro duk Ingilishin da na sani na roƙe ta, na nuna mata tsohuwa da ƙananan yara, na gaya mata nisan da muka yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mutumin da ke fegin kusa da nawa ya biya kuɗinsa ne bisa alkawarin cewa ba zai tarar da fiye da mutum shida a gefensa ba, kuma ba ta da ikon karya alkawarin da aka yi masa. Zaɓin da ta ba mu shi ne shida su kwana, huɗu su nemi masauki a gari. Hajiya ta ce ba a raba garke da dare. Haka muka juya muka kwana a wani ƙaramin otal na bakin hanya, ɗaki uku, domin can ma akwai iyakar mutanen da ɗaki zai ɗauka.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na kwana da fushi. Zuciyata ta raya mini cewa don an ga baƙaƙen fata da mata masu lulluɓi ne. Amma da na dawo Madison na huce, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, wato na zauna na karanta dokokin da tarihinsu. Abin da na gano ya sauya mini tunani, ko da yake bai wanke tsarin gaba ɗaya ba.

Amurka ta keɓe gandun dajinta na ƙasa na farko, Yellowstone, a 1872, ta kuma kafa hukumar kula da irin waɗannan gandaye a 1916. A farkon lamari babu wani fegi, kowa inda ya ga dama yake kafa tantinsa. Da mota ta yi araha a shekarun 1920, sai jama’a suka yi ta kwarara cikin dazuzzuka, suna ajiye motoci a gindin itatuwa, suna hura wuta ko’ina, suna sare rassa. Ba a jima ba manyan itatuwan Kalifoniya, waɗanda wasunsu sun haura shekara dubu, suka fara nuna alamun ciwo. Aka nemi wani masanin cututtukan tsirrai mai suna Emilio Meinecke ya bincika. Ya gano cewa tayar mota da tafin ƙafar mutane suna danne ƙasa har ta yi tauri, ruwa da iska su kasa ratsawa zuwa ga saiwa, itace ya riƙa mutuwa a tsaye sannu a hankali. Duk wanda ya ga yadda gindin bishiyar da ake cin kasuwa a ƙarƙashinta ke zama kamar daɓe zai fahimci abin da yake nufi.

A 1932 Meinecke ya fitar da tsarin da na bayyana a sama: hanya guda mai zagaye, wurin mota ƙayyadajje, murhu da teburi a kafe yadda ba za a matsar da su ba. Hikimar ita ce a sadaukar da ɗan wuri kaɗan ga takun mutane domin sauran dajin ya tsira. Rundunar matasan da Shugaba Franklin Roosevelt ya ɗauka aikin raya dazuzzuka tsakanin 1933 da 1942 ita ta gina sansanoni masu yawa a kan wannan tsari, kuma har yau ana kwana a wasunsu. Abin lura a nan shi ne, an auna fegin ne da mota ɗaya da mutanen da ke cikinta. A ganina daga nan lambar shida ta samo tushe, domin motar iyali ta wancan zamani uku take ɗauka a gaba, uku a baya.

Bayan lafiyar ƙasa akwai wasu dalilan. Ramin makewayi da rijiyar sansani an yi su ne daidai da wani adadi na mutane. Tantuna idan suka cushe, ga wutar girki a tsakaninsu, hatsari ne. Mu da muke zuwa aikin Hajji ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayukan alhazai sama da 300, ita ta sa aka maye gurbin tsofaffin tantunan da waɗanda wuta ba ta ci. A gandun Yosemite dole ne duk wani abinci, har da man goge baki, ya kwana a cikin akwatin ƙarfe da aka tanada a kowane fegi saboda dabbar nan beya, mai fasa mota idan ta ji ƙanshi, kuma akwatin yana da iyakar abin da zai ɗauka. Hatta itacen hura wuta ba a yarda ka taho da naka daga nesa ba a wurare da yawa, saboda wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka fara gani kusa da Detroit a 2002, wanda ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen girki yake bin mutane daga daji zuwa daji.

To, duk da haka, ƙorafin mai babban iyali yana nan daram. Matsakaicin gida a Amurka bai wuce mutum biyu zuwa uku ba, saboda haka shida a wurinsu yalwa ce. Mu kuwa binciken lafiya da yawan jama’a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa mace kan haifi ’ya’ya 5.3 a matsakaicin lissafi, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. Ma’ana, gidan da muke ɗauka madaidaici ya riga ya karya dokar tun kafin a sa kaka a lissafi. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Akwai Somaliyawan Minisota, da ’yan ƙabilar Hmong da ke Wiskonsin, da iyalan da suka fito daga Meziko, da mabiya wasu ɗariƙun Kirista masu yawan haihuwa, duk ’yan ƙasa ne masu biyan haraji, kuma dazuzzukan nasu ne su ma.

Mai iyali goma yakan faɗa ne a tsakiya, ya yi wa ƙaramin fegi yawa, ya yi wa babban fili kaɗan. A Yosemite, alal misali, fegi na mutum shida ne har da yara, filin ƙungiya kuma na mutum 13 zuwa 30 ne, waɗanda aka tanada domin masu yawa tsakanin haka ’yan ƙalilan ne. A gandun Great Smoky Mountains, wanda ya fi kowane gandun ƙasa samun baƙi, sama da miliyan 12 a 2019, an ɗan sassauta, domin mutum bakwai ma za su iya kama filin ƙungiya, sai dai filayen ba su da yawa. Abin da ya rage shi ne kama fegi biyu maƙwabtan juna, wato kuɗi ninki biyu, kuma sai an yi sa’a su kasance babu kowa a rana ɗaya. Sa’ar kuwa ta ƙara wuya tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta tura jama’a zuwa daji. A fitattun sansanoni, wuraren da aka buɗe rajistarsu watanni biyar ko shida kafin lokaci sukan ƙare cikin ’yan mintuna. Wasu kuma su kama wuri su ƙi zuwa, har ta kai Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2023, wadda ta fara aiki a 2024, domin hukunta masu wannan hali a gandayenta. Bahaushe ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, yana nufin mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. A sansanin Amurka maganar a juye take.

Ina cikin wannan karatu ne na ci karo da abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai nazarin ma’anar kalmomi. Ashe jihar da nake zaune a cikinta ta bambanta da inda na je. Dokar gandayen Wiskonsin, kamar yadda na karanta ta a 2019, ta ce fegi na mutum shida ne, ko kuma na iyali ɗaya komai yawansu. Sai ta fassara iyali da cewa uwa da uba, ko ɗaya daga cikinsu, da ’ya’yan da ke ƙarƙashin kulawarsu, da baƙi waɗanda ba su wuce biyu ba. Na ƙirga da yatsuna: ni da mai ɗakina biyu, yara shida takwas, Hajiya da ƙanena goma. Mun shiga daidai, babu ragi babu ƙari. Da na karanta tun farko, da ban kai iyalina tafiyar awa bakwai zuwa inda za a mai da mu ba.

Amma duba farashin shigar. A idon dokar, matar da ta haifi uwar ’ya’yana baƙuwa ce, ƙanena da muka fito ciki ɗaya shi ma baƙo ne. Da na fassara wa Hajiya, dariya ta yi ta ce, “To Malam, tunda baƙuwa ce ni, sai a riƙa yanka mini kaza kullum.” Kalmarmu ta iyali daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta na nufin waɗanda ɗaukar nauyinsu ke wuyan mutum. Ma’auninta ciyarwa ne, shi ya sa ɗan riƙo da ƙanin miji da tsohuwa duk suke samun gurbi a cikinta. Abin mamaki, ita ma kalmar “family” ta Ingilishi daga Latin ta fito, inda take nufin duk mutanen gida har da barori. Tafiyar zamani ce ta tsuke ta har ta koma miji da mata da ’ya’yansu. Saboda haka duk wanda ya ga wannan kalma a takardar Turawa ya fassara ta da iyali a zuciyarsa, to ya yi hattara, domin kalmomin biyu ba girmansu ɗaya ba.

A ƙarshen watan Yuli muka sake gwadawa. Na yi ta leƙa shafin rajista safe da yamma har Allah Ya sa na samu fegi biyu maƙwabta a tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis, a gandun Devil’s Lake da ke kusa da garin Baraboo, tafiyar kamar awa ɗaya daga Madison. Ko da yake doka ta yarda mu taru a fegi ɗaya, tamu dokar ba ta yarda ba. Babu yadda za a yi tantina ya jingina da na surukata, kuma samari ba za su kwana tare da ’yan’uwansu mata ba. Ƙanena ya kama fegi na biyu da sunansa ya kwana can da samarin, ni ma na bi su, muka bar wa mata da ƙanana ɗayan.

Da Hajiya ta ji cewa ma’anar sunan wurin Tafkin Shaiɗan, sai da ta nemi tsari ta ce a mai da ita gida. Na yi mata bayanin cewa mutanen Ho-Chunk, waɗanda su ne ’yan asalin yankin, tafki mai tsarki suke kiran sa da harshensu, Turawan da suka zo daga baya ne suka karkatar da fassarar. An keɓe gandun tun 1911, kuma tafkin yana kwance ne tsakanin duwatsu masu tsayin kusan mita 150. Yaran suka hau dutse, suka yi wanka a gefen ruwa, suka ga taurari yadda ba su taɓa gani ba a Madison. Mai ɗakina ta tuƙa tuwon semo a kan risho, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da Hajiya ta zo da ita, har maƙwabcinmu ya leƙo yana tambayar abin da ke ƙanshi, aka zuba masa.

Dokar da ta fi ba mu aiki ita ce ta yin shiru da dare. A tsakiyar zafi a can rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, alfijir kuma yana ketowa tun wajen ƙarfe huɗu. Haka muka riƙa tashi asuba da tocila muna alwala a hankali, muna salla da murya ƙasa-ƙasa, muna toshe bakin ’yar auta da biskit. A daren farko ne na gane amfanin abin da ya fusata ni a watan Yuni. Sansanin cike yake da ɗaruruwan mutanen da ba su san juna ba, amma da dare ya raba ba ka jin komai sai kukan gyare da motsin ganye. Tsohuwa da yara shida sun yi barci lafiya a cikin daji da ƙyalle kawai tsakaninsu da baƙi, saboda kowane maƙwabci ya tsaya a kan adadinsa da lokacinsa. Da an yi wa kowa alfarmar da na roƙa, da babu wanda zai runtsa.

Ga ’yan’uwa malamai da likitoci da sauran ma’aikata da ke tafiya karatu ko aiki da iyalansu, kuma yara suka matsa musu kamar yadda nawa suka yi, ga abin da zan ce. A karanta dokar sansanin da za a je ita kanta, domin ta tarayya daban, ta kowace jiha daban, ta ’yan kasuwa masu sansanoninsu ma daban, wasunsu sukan karɓi ƙarin kuɗi a kan kowane mutum da ya haura adadi. A duba yadda suka fassara iyali, da yawan motoci da tantunan da aka yarda da su. A ƙirga kowa har na goye. Idan an haura adadi a nemi filin ƙungiya ko fegi biyu, kuma na biyun ya kasance da sunan babban mutumin da zai kwana a cikinsa. A san ranar da ake buɗe rajista a zauna a shirye, a kuma fi son tsakiyar mako a kan ƙarshensa, a guji ranakun hutun ƙasa irin su 4 ga Yuli. In akwai shakka a buga waya a tambaya kafin a tayar da mota. In kuma an fasa tafiya a sanar da su, domin wani mai iyali yana can yana leƙen shafin kamar yadda na yi.

Har yanzu ina da ra’ayin cewa hukumomin da suka tsaya a kan shida ba tare da duba iyali ba suna da gyara a gabansu, kuma misalin Wiskonsin ya nuna cewa ana iya kare daji ba tare da an raba uwa da ’ya’yanta ba. Amma wanda ke son a gyara doka sai ya rubuta wa masu ita, kamar yadda na yi kafin in dawo gida. Ba a bakin ƙofa ake gyara ta da ƙarya ko da magiya ba. Kuma kada mu ɗauka kama wuri tun kafin a isa baƙon abu ne a wurinmu. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da inda za a yada zango, a manyan garuruwa kuma akwai sarkin zango mai raba wa baƙi masauki. Kakanninmu ba su kwashi ɗaruruwan mutane da jakuna sun ce in mun je ma daidaita ba. Mu ne muka saba da cewa takarda ado ce, magana ta ainihi sai an ga ido, har ya zama wanda ya kama ɗaki ya biya yana iya zuwa ya tarar an ba wani saboda an bugo waya daga sama. A irin wannan tsari mai dogon hannu ne ke cin riba. Ni da na tsinci kaina baƙo a ƙasar da ban san kowa ba, na ga cewa dokar da ba ta san fuska ba ita ce gatan wanda ba shi da kowa, domin lambar fegin da na biya a Devil’s Lake babu gwamnan da ya isa ya tashe ni daga kanta.

A daren ƙarshe muna zaune a bakin murhu, Hajiya tana yi wa jikokinta tatsuniya, sai malamin daji ya zo zagayen da ya saba, ya tsaya ya gaishe mu ya tambayi ko mu nawa ne. Kafin in buɗe baki yarinyar nan ta riga ni, ta ce masa da Ingilishinta na ’yan makaranta mu goma ne, ta kuma bi mu ɗaya bayan ɗaya tana nunawa da yatsa, ta fara daga kakarta ta ƙare a kan ’yar auta. Mutumin ya duba takardarsa, ya gyaɗa kai, ya yi mana sai da safe. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba mu ikon zama abin koyi a gare su, amin.